Mallakar Zuciya da Ɓarayin Intanet: Nasiha ga Ƴan'uwa Muridai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da ƙiraza ke ɓoyewa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallam, da alayensa da sahabbansa da waliyyan Allah magadansa, har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ƴan'uwa da yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai sun san labarin wani nasu da aka kwashe wa kuɗi ta waya. Wani an kira shi an ce an turo masa kuɗi bisa kuskure, ya tausaya ya mayar, daga baya ya gane babu abin da ya shigo masa. Wani ya wayi gari WhatsApp ɗinsa ya fita daga hannunsa, ana ta roƙon kuɗi da sunansa a wurin dangi da abokan wazifa. Wata ta zuba kuɗin adashenta a wata manhaja mai alƙawarin riba kullum, manhajar ta rufe dare ɗaya. Akwai kuma waɗanda ba sa iya faɗin nasu, domin abin da aka riƙe su da shi hoto ne na kunya. Idan irin wannan ya faru, akasari maganar da ake yi ta waya ce da kamfani da wayon ɓarayi, kuma wannan magana tana da wurinta. Amma mutanen tarbiyya sun saba da wata tambaya a kan kowace musiba: ta wace ƙofa ta shigo, kuma ina mai gadin ƙofar yake a lokacin?

Damfara ta farko a tarihin ɗan Adam

Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin yaudarar farko da aka yi wa mutum, a Suratul A'arafi daga aya ta 20 zuwa ta 22, da kuma Suratu Ɗaha aya ta 120. Iblis bai zo wa Annabi Adamu da Nana Hawwa'u, Alaihimas Salam, da makami ba. Ya zo da alƙawarin dawwama da mulkin da ba ya ƙarewa, ya nuna kansa a matsayin mai nasiha, sannan ya rantse. Malaman tafsiri sun ambata cewa Annabi Adamu, saboda tsarkin zuciyarsa, bai zaci akwai wata halitta da za ta rantse da Allah a kan ƙarya ba.

Duk wanda ya duba saƙonnin ƴan damfara na yau zai ga waɗannan abubuwa uku ba su canza ba: alƙawarin abin da rai ke so, rigar mai taimako, da rantsuwa. Labarin yana kuma koyar da cewa faɗawa tarkon mayaudari ba kullum alamar mugun hali ba ce, sau da yawa kyakkyawan zato ne aka ci amanarsa. Wannan ya kamata a riƙe shi tun daga farko, domin manufar nasihar nan rufe ƙofa ce, ba tozarta wanda aka riga aka shigar wa ba.

Abin da masu nazarin laifuka suka gano

A shekarar 1990 wasu masana biyu na Amurka, Michael Gottfredson da Travis Hirschi, suka fitar da littafi a kan tushen aikata laifi. Ra'ayinsu shi ne, babban abin da ke kai mutum ga ɓarna shi ne ƙarancin mallakar kai. Suka siffanta mai wannan hali da cewa yana bin abin da ya zo masa nan take, yana son samu ba tare da wahala ba, yana jin daɗin kasada, ba ya duban nesa, kansa kawai ya sani, kuma yana da saurin fushi. A shekarar 1999 wani masani mai suna Christopher Schreck ya nuna cewa wannan hali bai tsaya ga sa mutum ya cuci wani ba, yana kuma sa shi kansa ya fi saurin zama abin cuta, domin wanda ba ya duban ƙarshen al'amari ba ya ɗaukar matakin kariya.

Tun kafin nan, a 1979, Lawrence Cohen da Marcus Felson sun bayyana cewa laifi yana aukuwa ne idan abu uku suka haɗu a wuri ɗaya da lokaci ɗaya: mai niyyar ɓarna, da abin da ya dace a ɗauka, da rashin mai tsaro. Suka ce al'adun mutum na yau da kullum, inda yake zuwa da waɗanda yake cuɗanya da su, su ne ke haɗa shi da mai ɓarna ko su raba su.

A shekarar 2014 Travis Pratt da abokan aikinsa suka tattara bincike fiye da 60 da aka yi a kan wannan batu suka auna su gaba ɗaya. Suka samu cewa alaƙar ƙarancin mallakar kai da zama abin cuta tabbatacciya ce, ko da yake matsakaiciya ce, kuma ta fi ƙarfi a laifukan da ba a haɗuwa ido da ido, irin na intanet. Suka kuma samu cewa wani kaso na wannan alaƙa yana bi ne ta ayyukan kasada da mutum ke yi. Ma'ana, raunin zuciya yana haifar da ɗabi'a, ɗabi'ar kuma ita ke kai mutum bakin tarko.

Dalilin da ya sa abin ya fi ƙarfi a intanet a fili yake. Ɓarawon da ya haura katanga ba ya neman izinin mai gida. Ɗan damfarar waya kuwa, a mafi yawan lokuta, ba ya iya komai sai mai wayar ya taimaka masa da hannunsa: ya danna, ko ya karanto lamba, ko ya tura kuɗi, ko ya buɗe kyamara. Saboda haka aikinsa duka shi ne ya nemo abin da zai sa zuciya ta riga hankali.

Murid da ya karanta wannan zai ga ba baƙon ilimi ba ne a wurinsa. Abin da masanan suka kira ƙarancin mallakar kai, shi ne malaman tasawwufi suka daɗe suna kira rinjayen nafsu da hawa. Suratu Yusufa aya ta 53 ta ambaci rai mai yawan umarni da mummuna, Suratul Ƙiyama aya ta 2 ta ambaci rai mai zargin kanta, Suratul Fajri aya ta 27 ta ambaci rai mai natsuwa. Tafiyar murid gaba ɗaya daga ta farko ce zuwa ta ƙarshe. Inda aka rabu shi ne, masanan biyu na farko sun ɗauka wannan hali yana kafuwa tun ƙuruciya kuma da wuya ya sauya, mutanen tarbiyya kuwa sun shaida cewa rai tana horuwa ko da mutum ya manyanta, da mujahada da zikiri da zama da mutanen kirki, da taimakon Allah.

Makiyayi a gefen shinge

Hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya raba al'amura gida uku: halal bayyananne, haram bayyananne, da abubuwa masu rikitarwa a tsakani. Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya kwatanta mai kutsawa cikin masu rikitarwa da makiyayin da ke kiwo a gefen makiyayar da aka killace, wanda ya yi kusa dabbobinsa su faɗa ciki. A ƙarshen hadisin ya ambaci tsokar da idan ta gyaru jiki duka ya gyaru, wato zuciya. Duk wanda ya zauna a karkara ya san wannan hoto: garken da ake bi da shi ta bakin gona da damina, ko makiyayin bai yi niyyar ɓarna ba, wata rana sai an kai shi gaban mai gari.

Intanet yana da nasa gefen shinge. Karɓar abotar duk wanda ya nema a Facebook. Shiga kowane zaure na WhatsApp ko Telegram da aka turo. Danna duk wani saƙo mai cewa ana raba kuɗin intanet kyauta ko tallafin wata ƙungiya. Sauke manhaja daga inda ba a sani ba. Shafukan batsa da na caca. Hira da baƙuwar fuska cikin dare. Amfani da shekarar haihuwa ko 1234 a matsayin lambar sirri, da miƙa wa mai shago waya tare da faɗa masa lambar. Ɗora hoton katin shaida ko fasfo ko tikitin jirgi don mutane su gani. Wasu daga cikin waɗannan haramun ne ƙarara, wasu kuwa ba zunubi ba ne a kan kansu. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu yana matsar da mutum kusa da inda ɓarayi ke jira, yana kuma rage masa mai gadi.

Ƙofar kwaɗayi

Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma Ibnu Aɗa'illahi, wanda ya rasu a shekara ta 709 bayan Hijira, ya koyar a cikin Hikam cewa ƙasƙanci daga kwaɗayi yake tsirowa. Mafi girman asarar da jama'a suka yi a wannan zamani ta wannan ƙofa ta bi. A shekarar 1920, a birnin Boston na Amurka, wani mai suna Charles Ponzi ya yi wa mutane alƙawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45. Babu wani cinikin kirki a ƙarƙashin abin, kuɗin sababbin shiga yake ɗauka ya biya tsofaffi, har ranar da sababbi suka ƙare. Da irin wannan tsari MMM, wanda Sergei Mavrodi na Rasha ya kafa, ya shiga Najeriya da alƙawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ya kuma rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016. A watan Afrilu na 2025 wani mai suna CBEX ya ruguje da dukiyar jama'a a can. Abin da ya ci maƙwabci bai kamata a ɗauka ba zai ƙetaro iyaka ba, tunda waya ba ta tsayawa a Ɗan Isa ko Magarya a duba mata takarda.

Lissafi kaɗan ya isa ya tona asirin irin wannan. Idan jika 100 tana ƙaruwa da kashi 30 cikin 100 kowane wata, ana mayar da ribar cikin uwar kuɗi, a shekara ɗaya za ta haura jika 2,300. Babu ɗan kasuwar da ke Maraɗi ko Ƙonni, mai sayar da albasa ko wake ko atamfa, da ya taɓa ganin haja mai irin wannan riba. Mai hankali yakan ga haka tun farko, amma kwaɗayi yana da hujjojinsa: wane ya shiga ya ci, ni ma zan shiga in fita da wuri. Wanda ya faɗi haka ya manta cewa ribar da zai fita da ita kuɗin wani musulmi ne da zai shigo bayansa, wataƙila wanda shi da kansa ya jawo. Suratun Nisa'i aya ta 29 ta hana cin dukiyar juna da ɓarna. Haka nan cacar ƙwallo ta waya, wadda ta ci albashin samari da jarin masu tebur, hukuncinta yana Suratul Ma'ida aya ta 90, kuma wanda caca ta cinye shi ne ya fi saurin gaskata mai cewa yana sayar da sakamakon wasa tun kafin a buga.

Ƙofar gaggawa da tsoro

Suratul Isra'i aya ta 11 da Suratul Anbiya'i aya ta 37 sun siffanta mutum da gaggawa. Ɗan damfara ya san wannan fiye da malamai da yawa. Shi ya sa ba ya taɓa ba da lokaci: za a rufe layinka yanzu, ɗanka yana asibiti, kujera ɗaya ta rage, wanda ya turo kuɗin marar lafiya ne yana jira. Yana so a yi aiki kafin a yi tunani, kuma yana riƙe mutum a kan waya don kada ya samu sararin tambayar wani.

A ɗauki misalin WhatsApp. Idan wani ya sa lambar wayar mutum a tasa wayar, kamfanin yakan aika da lambobi 6 ta gajeren saƙo zuwa ga mai layin, domin a tabbatar shi ne. Ɓarawo ba ya ganin waɗannan lambobi. Sai ya kira, ya ce shi ne mai kula da zauren ɗariƙa, za a yi taron ƴan'uwa ta intanet, an aiko da lambar shiga, a karanto masa. Da zarar an karanto, asusun ya koma hannunsa, ya bi sunayen da ke zauren ɗaya bayan ɗaya yana neman rancen gaggawa. Haka na kuɗin kuskure yake: saƙon da ya shigo daga wata lamba ce ta mutum, an tsara shi kamar na kamfani. Duba abin da ke cikin asusu, wanda bai fi minti ɗaya ba, ya isa ya rushe dabarar.

Muslim ya ruwaito cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya yabi Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi da halaye biyu da Allah Yake so, haƙuri mai danne fushi da kuma natsuwa kafin aiki. Suratul Hujurati aya ta 6 ta yi umarni da neman tabbaci idan labari ya zo daga wanda ba a amince da shi ba, don kada a yi abin da za a wayi gari ana nadama. Wanda ya kashe waya ya ce zai kira daga baya, ya nemi ɗan'uwan nasa ta lambar da ya sani, aiki yake yi da aya.

Ƙofar sha'awa

Wannan ita ce ƙofar da ake jin nauyin ambata, kuma nauyin ne jarin ɓarawo. Hoton mace kyakkyawa ya nemi abota, hira ta yi nisa, a koma kiran bidiyo, a ja mutum ya tuɓe, ashe ana naɗa. Bayan mintoci sai barazana ta biyo: a turo kuɗi ko a aika wa matarsa da ƴaƴansa da abokan sallarsa, waɗanda ɓarawon ya riga ya kwashi sunayensu a shafin mutumin. Ƴan mata ma ana yi musu haka da alƙawarin aure. Suratun Nur aya ta 30 da ta 31 sun umarci maza da mata da runtse ido da tsare farji, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ware littafi guda a cikin Ihya'u a kan karya sha'awa biyu, ta ciki da ta farji. Kallon farko da aka runtse ido daga gare shi yana rufe wannan hanya gaba ɗaya.

Wanda ya riga ya faɗa, ya sani biyan kuɗi ba ya kashe wannan wuta, domin wanda aka ba sau ɗaya zai dawo. Ya daina amsawa, ya ajiye saƙonnin a matsayin shaida, ya sanar da wani babba da ya amince da shi, ya kai ƙara. Ya tuba tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma kada Shaiɗan ya raya masa cewa rayuwarsa ta ƙare. Kunyar duniya kwanaki ce, yanke ƙauna daga rahamar Allah kuwa ya fi zunubin farko girma.

Ƙofar son a sani

Hoton sabuwar mota, da na kuɗin da aka ƙirga, da sanarwar cewa an tafi Umra gida ba kowa, da sunayen ƴaƴa da makarantarsu: duk waɗannan riya da alfahari ne ke tura su waje, ɓarawo kuma yana tattarawa. Da su yake gina labarin da zai kira tsohuwa ya faɗi sunan jikanta daidai har ta yarda. Ɓoye ni'ima daga idon da bai kamata ba, wanda shehunnai suka daɗe suna horo da shi don tsaron ikhlasi, ya zama tsaron gida ma.

Ƙofar da ta keɓanci muridai

Akwai tarkon da aka ɗana wa mutanen ɗariƙa musamman, kuma da mafi kyawun abin da suke da shi aka ɗana shi, wato son shehunnai. Ana buɗe shafi da hoton wani shehi ko sharifi, a riƙa aika wa mutane saƙo cewa an gan su a mafarki, akwai buɗi yana tafe, sai dai a turo hadiyya ko kuɗin ragon sadaka. Ana tara kuɗi da sunan ginin zawiya, ko motar zuwa Maulidi a Kiota ko Kaulaha, ko ziyarar Fas, ko kujerar Hajji mai araha. Ana sayar da abin da ake kira sirrin kuɗi. Murid yana jin tsoron kada tambaya ta zama rashin ladabi, sai ya tura.

Ya kamata a fahimci cewa taslimi ga shehi yana zuwa ne bayan an tabbatar shehin ne. Ɗariƙa kanta a kan sanadi aka gina ta: ba a karɓar wuridi sai daga muƙaddamin da aka san wanda ya ba shi izini, har silsila ta kai ga Shehu Ahmadu Tijjani, Allah Ya ƙara masa yarda. Wanda bai yarda ya karɓi lazimi daga mutumin da ba a san izininsa ba, bai dace ya miƙa dukiyar iyalinsa ga hoton da ba a san wanda ke bayansa ba. A yau ana iya kwaikwayon muryar mutum da na'ura, saboda haka ko saƙon murya ba hujja ba ne. Tambayar muƙaddamin unguwa kafin a tura hadiyya ladabi ne ga shehi, domin tana kare sunansa daga maƙaryata.

Magani daga cikin gida

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar labarin wani sahabi da ake yawan cuta a ciniki. Da ya kai kuka, Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, bai yi masa gori ba. Ya koya masa kalmar da zai riƙa faɗa a kowane ciniki, mai shardanta cewa babu yaudara, kuma a wasu ruwayoyi an ba shi zaɓin kwana uku ya mayar da abin da ya saya. Wato an ba shi ƙa'ida tsayayya da kuma jinkiri, kuma waɗannan biyun su ne maganin mai saurin yarda har gobe.

Imam Gazali, a littafin muraƙaba da muhasaba na Ihya'u, ya tsara yadda bawa zai yi da ransa kamar yadda ɗan kasuwa ke yi da abokin jarinsa: ya gindaya mata sharaɗi da safe, ya sa mata ido da rana, ya yi mata lissafi da dare, ya hore ta idan ta saɓa, ya yi ta fama da ita, ya kuma riƙa yi mata faɗa. Murid yana da lokutan wannan a shirye. Bayan lazimin safe, ya ɗaukar wa kansa sharuɗɗa: yau ba zai karanta wa kowa lambar da ta shigo wayarsa ba, ko wane ne. Ba zai tura kuɗi a kan saƙo ba sai ya ji mutumin ta hanyar da ya saba. Duk abin da aka ce sai yanzu-yanzu, zai bar shi ya kwana. Duk ribar da bai gane daga ina take fitowa ba, ba zai sa kuɗinsa ba. Bayan lazimin yamma ko kafin barci, ya tambayi kansa me ya kalla, da wa ya yi hira, me ya danna, kuma da shehinsa na zaune kusa da shi, da zai yi hakan? Idan kunyar shehi ta isa ta hana shi, to Wanda ba Ya gyangyaɗi ba Ya barci Shi ne mafi cancantar a ji kunyarSa, kuma wannan shi ne ihsanin da hadisin Jibrilu ya bayyana.

Wanda ya iya zama ya ja istigfari 100 da salati 100 da hailala 100 safe da yamma, bai tashi ba bai yi magana ba, ya riga ya mallaki abin da ake bukata don ya jira minti goma kafin ya danna. Idan zikiri yana tsayawa a kan buzu, bai bi mutum zuwa wayarsa ba, to akwai sauran aiki. Yawancin ɓarna tana aukuwa ne a lokacin gafala, cikin dare, mutum shi kaɗai, ga gajiya ko bashi ko kaɗaici. Ajiye waya nesa da shimfiɗa bayan Isha'i riyala ce ƙarama mai amfani babba.

Sannan a ɗaure raƙumi, kamar yadda hadisin Tirmizi ya koyar cewa ɗaurewa da tawakkali tare suke tafiya. A kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook. A sauya lambar sirri zuwa wadda ba a iya hasashe, a danna ta da hannun kai a gaban mai shagon tura kuɗi. A kulle waya. Wanda bai iya karatun boko ba ya zaɓi mutum ɗaya amintacce a gidansa da zai riƙa duba masa saƙo. Matasan zawiya da suka san waya su koya wa dattawa da mata, wannan hidima ce kamar share masallaci.

Haƙƙin wanda aka cuta

Masanan da aka ambata sun ce alaƙar matsakaiciya ce, kuma wannan adalci ne. Akan cuci mai tsantseni, akan sace bayanan mutum daga inda ba shi da iko, akan yaudari tsoho saboda tausayinsa. Zunubin yana kan ɓarawo. Ƴan'uwa kada su mayar da wanda abin ya sama abin dariya a majalisa, domin gorin da ake yi ne ke sa na gaba ya yi shiru, shirun kuma shi ke ba ɓarawo damar bin sauran. Wanda aka karɓe wa asusu ya sanar da mutanensa nan take, ya je ofishin kamfanin waya ko na tura kuɗi, ya kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarmomi. Nijar tana da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 a kan laifukan intanet. Kai ƙara ba ya warware yarda da ƙaddara. Bayan haka ya ɗauki darasi, domin hadisi ingantacce ya nuna mumini ba a sararsa sau biyu a rami ɗaya. Ya kuma yi hattara da masu zuwa daga baya suna cewa za su ƙwato masa kuɗinsa idan ya biya wani abu, sau da yawa su ne dai suka sake riga.

Shi kuma saurayin da ya mayar da wannan sana'a, ko ya ba da aron asusunsa a zuba kuɗin sata a ba shi kaso, ya sani Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya barranta daga mai algus, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Rashin ganin fuskar wanda aka cuta ba ya sauke haƙƙi, kuma tuba daga haƙƙin bayi ba ta cika sai an mayar. Wazifa ba ta wanke kuɗin marayu.

Suratun Nazi'ati aya ta 40 da ta 41 sun yi alƙawarin Aljanna ga wanda ya ji tsoron tsayuwa gaban Ubangijinsa ya hana ransa bin son zuciya. Wannan shi ne babban sakamako, tsiran dukiya da mutunci a duniya kuwa ɗan somin-taɓi ne daga albarkarsa.

Allah Ya tsare ƴan'uwa maza da mata daga sharrin rayukansu da sharrin mayaudara, Ya mayar wa waɗanda aka cuta da mafi alheri, Ya suturta waɗanda ke tsoron tonon asiri, Ya shiryi matasan musulmi zuwa neman halal, albarkar Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallam. Amin.